NEHEMIYA, MAI GYARAN GANUWA

A cikin bayin Allah na Tsohon Alkawari akwai annabawa, akwai firistoci, akwai sarakuna. Nehemiya ɗan Hakaliya ba ya cikin ko ɗaya daga cikinsu. Shi bafade ne, mai cin abinci a ƙarƙashin sarkin al'ummai. Ba a rubuta ya yi wata mu'ujiza ba, ba a kuwa ce ya ga wahayi ba. Abin da ya cika littafinsa shi ne dutse da katako, bashi da haraji, hatsi da kifi, da lokacin rufe ƙofar gari. Duk da haka, da wuya ka karanta shafi biyu na labarinsa ba ka tarar da shi yana addu'a ba. Saboda haka labarinsa ya dace da manomi, da ɗan kasuwa, da ma'aikacin ofis, da kowane mai bi wanda ke tambaya ko Allah ya kula da aikin da ya ke yi daga Litinin zuwa Asabar.

A fadar Shushan

A shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya ci Urushalima da yaƙi, ya ƙone haikali, ya rushe ganuwa, ya kwashe mutane zuwa bauta. A shekara ta 539 Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, ya ba Yahudawa izini su koma ƙasarsu. Waɗansu suka koma, suka sake gina haikali, amma da yawa suka yi zamansu a gabas. Nehemiya daga cikin zuriyar waɗanda suka zauna ya fito.

Sa'ad da muka fara ganinsa yana fadar Shushan, inda Esta ta zama sarauniya. Kangon wannan birni yana nan har yau a kudu maso yammacin ƙasar Iran. Aikinsa shi ne shayar da sarki Artashate. Mai shayarwa shi ne ke ɗanɗana abin sha kafin ya miƙa wa sarki, domin in akwai dafi ya faɗa a kansa. Artashate kuwa yana da dalilin jin tsoro, gama mutanen fada ne suka kashe ubansa Ahasurus a shekara ta 465. Mutumin da irin wannan sarki ya amince ya karɓi ƙoƙo daga hannunsa kowace rana, lalle amintacce ne ƙwarai.

A shekara ta 20 ta sarautar Artashate, wajen shekara ta 445 ke nan, ɗan'uwansa Hanani ya zo daga Yahudiya tare da waɗansu mutane. Nehemiya ya tambaye su labarin gida. Suka gaya masa mutane suna cikin wahala da wulakanci, ganuwa a rushe, ƙofofi a ƙone. Duk wanda ya san tarihin Kano ko Zariya ko Katsina ya san abin da ganuwa ta ke ga birni a zamanin da. Gari marar ganuwa ba shi da barci, ba shi kuwa da mutunci a idon maƙwabta.

Nehemiya ya zauna ya yi kuka, ya yi azumi da addu'a. A cikin addu'arsa ya haɗa kansa da gidan ubansa cikin masu laifi, ko da ya ke ba a haife shi ba lokacin da birnin ya faɗi. Labarin ya iske shi a watan Kisle, cikin sanyin hunturu, amma bai buɗe baki gaban sarki ba sai watan Nisan, bayan wata 4. Akwai dalilin wannan jinkiri. Littafin Ezra ya nuna wannan sarki ya taɓa ba da umarni a tsai da ginin Urushalima, domin an kai masa sara cewa birnin 'yan tawaye ne. Ashe roƙon Nehemiya roƙo ne sarki ya warware abin da ya ɗaure da kansa.

Ran nan sarki ya lura fuskarsa a ɓace ta ke, ya tambaye shi dalili. Nehemiya ya ji tsoro ƙwarai. Tsakanin tambayar sarki da amsarsa ya yi gajeriyar addu'a a zuci, sa'an nan ya yi magana. Amsarsa ta nuna cikin watannin nan 4 yana addu'a, yana kuma lissafi. Ya san tsawon lokacin da zai yi. Ya roƙi takardu zuwa ga gwamnonin hayin Kogin Yufiretis, da takarda zuwa ga Asaf mai tsaron kurmin sarki domin katakon ƙofofi. Sarki ya ba shi duka, har ya haɗa shi da mahaya dawakai.

Aikin gayya

Da ya iso Urushalima ya yi kwana 3 bai gaya wa kowa nufinsa ba. Da dare ya hau dabbarsa, da mutane kaɗan, ya zaga kangon ganuwa. Ya fita ta Ƙofar Kwari, ya wuce Ƙofar Juji, ya nufi Ƙofar Maɓuɓɓuga, har ya kai inda dabbar ta rasa wurin sa ƙafa saboda tarin duwatsu. Masu tonon ƙasa da suka yi aiki a gangaren gabas na tsohon birnin daga 1961 zuwa 1967 sun tarar da tarin duwatsun gine-ginen da suka zube a wannan gefe. Sai da ya gani da idonsa, sa'an nan ya tara shugabanni ya gaya masu yadda Allah ya buɗe masa hanya.

Sura 3 ta littafinsa jerin sunaye ce, masu karatu da yawa su kan tsallake ta. Amma a nan ne za ka ga mutanen birnin da sana'o'insu. An raba ganuwa kashi kamar 40. Eliyashib babban firist da 'yan'uwansa suka kama Ƙofar Tumaki. Maƙeran zinariya suka ajiye kayan ƙira, mai haɗa turare ya bar kwalabensa, fatake suka bar awo, duka suka ɗauki dutse. Wani hakimi, Shallum, ya yi aiki tare da 'ya'yansa mata. Wani hakimi kuma aka ba shi Ƙofar Juji, bai ce ta fi ƙarfin girmansa ba. Mutane da yawa suka gyara wurin da ke daura da gidajensu. Mutanen Tekowa suka ɗauki kashi biyu, amma manyansu suka ƙi sunkuyawa ga aikin, wannan kuma an rubuta shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Maƙiya suna kewaye ta kowace fuska. Daga arewa Sanballat na Samariya, daga gabas Tobiya na Ammon, daga kudu Geshem Balarabe, daga yamma mutanen Ashdod. Waɗannan manyan mutane ne. A wani tsibiri na Kogin Nilu kusa da Aswan an sami wasiƙar Yahudawan Masar ta shekara ta 407, wadda ta ambaci Sanballat gwamnan Samariya da 'ya'yansa biyu. Da fari suka yi ba'a. Tobiya ya ce ko dila ya hau wannan gini zai zube. Da ganuwa ta kai rabin tsayinta, sai suka ƙulla shawarar kawo hari. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa matsara dare da rana. Ya raba barorinsa biyu, rabi suna aiki, rabi suna riƙe da māsu da garkuwoyi. Mai gini yana ɗaure da takobi a gindinsa, mai busa ƙaho yana tsaye kusa da Nehemiya. Tun ketowar alfijir su ke aiki har fitowar taurari, shi da mutanensa kuwa da tufafinsu su ke kwana.

Kuka daga cikin gida

Ana cikin wannan sai wani kuka ya tashi wanda ya fi barazanar Sanballat muni, gama daga cikin ganuwa ya fito. Talakawa da matansu suka kawo ƙarar 'yan'uwansu Yahudawa. Waɗansu suna da 'ya'ya da yawa, ba hatsi. Waɗansu sun jinginar da gonaki da gidaje domin su sami abinci, gama ana yunwa. Waɗansu kuma sun ci bashi domin su biya harajin sarki. Manomi hatsi ya ke nomawa, harajin kuwa kuɗi ya ke nema, saboda haka tilas ya je wurin mai kuɗi. In shekara ta yi kyau ya biya. In ta ƙi, gona ta tafi. In gona ta tafi, abin da ya rage masa na jingina sai 'ya'yansa. Har an riga an kai waɗansu 'yan mata bauta, iyayensu kuwa ba su da ikon fansarsu, gama gonakin da za su noma kuɗin fansa suna hannun waɗansu.

Attaura ta riga ta yi magana a kan wannan. A cikin Fitowa 22, da Littafin Firistoci 25, da Maimaitawar Shari'a 23, an hana karɓar ruwa a kan bashin da aka ba ɗan'uwa matalauci. Masu ba da bashin nan sun san wannan. Suna zuwa haikali, suna miƙa hadaya, watakila ma suna ɗaukar dutse a ganuwa tare da mutumin da gonarsa ke hannunsu.

Nehemiya ya husata ƙwarai, amma sai da ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya yi magana. Wani shugaba da ya ce a bari sai an gama ganuwa, kada a ɓata wa masu kuɗi rai ana tsakiyar aiki. Shi ya kira babban taro. Ya tuna masu yadda shi da waɗansu suka yi ta fansar Yahudawan da aka sayar wa al'ummai, ga shi yanzu su da kansu suna sayar da 'yan'uwansu. Suka yi tsit, suka rasa ta cewa. Sa'an nan ya bayyana a gaban kowa cewa shi ma, da 'yan'uwansa, da barorinsa, suna ba da rancen kuɗi da hatsi, ya sa kansa cikin waɗanda za su yafe. Ya ce a mayar wa mutane da gonakinsu, da kurangar inabinsu, da itatuwan zaitunsu, da gidajensu a ranar nan, tare da ruwan da aka karɓa. Suka yarda. Da ya ke ya san halin ɗan Adam, ya kira firistoci aka rantsar da su. Ya kakkaɓe rigarsa a gabansu, alama ce ta yadda Allah zai kakkaɓe wanda ya ta da alkawarin. Jama'a suka amsa da amin, suka kuwa cika.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da Nehemiya ya ƙyale wannan tsaga, da ya gama ganuwa ta kewaye birnin da rabin mutanensa bayin rabi ne.

Akushin gwamna

Nehemiya ya yi shekara 12 yana gwamnan Yahudiya, daga shekara ta 20 zuwa ta 32 ta sarautar Artashate. Gwamna yana da hakkin karɓar abincinsa daga hannun talakawa. Gwamnonin da suka riga shi sun karɓi abinci da ruwan inabi da shekel 40 na azurfa, har barorinsu ma suna taka mutane. Cikin shekarun nan duka Nehemiya bai karɓi wannan hakki ba. Bai sayi gona ko ɗaya ba, a lokacin da yunwa ta sa gonaki suka yi araha. Ga shi kuwa mutum 150 ke ci a gidansa, ban da baƙi. Kowace rana a kan yanka sa 1, da tumaki 6 zaɓaɓɓu, da kaji, duka daga aljihunsa. Dalili biyu ya bayar: tsoron Allah, da nauyin da ke kan jama'a. Abin da doka ta halatta masa ya bari, domin ya ga mutanen da za su biya ba su da shi. Saboda wannan ne maganarsa ta yi nauyi a ranar taron masu bashi.

Kwana 52

Da maƙiya suka ga ganuwa ta haɗu, saura ƙyamare, sai suka koma ga dabara. Sau 4 suka aika ya zo su gana a filin Ono, sau 4 ya amsa cewa aikin da ke hannunsa ba zai tsaya ba. A na 5 Sanballat ya aiko da wasiƙa a buɗe, domin kowa ya karanta a hanya, ana zarginsa da neman sarauta. Nehemiya ya ce ƙage ne, ya roƙi Allah ya ƙarfafa hannunsa. Sa'an nan suka sayi wani mai suna Shemaiya, ya zo masa da sunan annabci, ya ce su shiga cikin haikali su kulle domin za a kashe shi da dare. Nehemiya ba firist ba ne, ba shi da izinin shiga wurin. Ya gane wanda ke kiransa ya karya dokar Allah domin ya tsira, ba Allah ne ya aiko shi ba. A ranar 25 ga watan Elul aka gama ganuwa, cikin kwana 52, bayan shekara 140 da ɗoriya da faɗuwar birnin. Ranar keɓewa aka raba mawaƙa ƙungiya biyu, suka yi tafiya a bisa ganuwar da aka ce dila zai rushe, suka haɗu a haikali.

Ranar karatu

A rana ta fari ga wata na 7 jama'a suka taru a dandalin Ƙofar Ruwa, maza da mata da yaran da suka isa fahimta. Su ne suka roƙi Ezra magatakarda ya kawo littafin Attaura. Ya hau dakalin katako ya yi karatu tun da sassafe har tsakar rana, Lawiyawa suna bayyana ma'ana. Nehemiya gwamna ne, amma ya bar wa malami aikin malami. Da mutane suka ji, suka fashe da kuka. Shugabanni suka hana su, gama ranar tsattsarka ce. Aka ce su tafi su ci mai daɗi, su sha mai zaƙi, su aika wa waɗanda ba su da komai. Kashegari suka tarar da umarnin Idin Bukkoki, suka fita suka saro rassan zaitun da na dabino, suka yi bukkoki a kan soraye da tsakar gida. Yahudawa suna kiyaye wannan idi har wa yau.

A ranar 24 ga watan suka yi azumi, suka furta zunubansu, suka ɗaura alkawari a rubuce. Sunan Nehemiya ne na fari cikin masu hatimi. Abin da ke cikin alkawarin abin yau da kullum ne: wanda za a ba 'ya aure, hana ciniki ran Asabar, barin gona ta huta da yafe bashi a shekara ta 7, sulusin shekel a shekara domin hidimar haikali, da kuri'a a kan wanda zai kawo itacen wuta na bagade. Da ya ke birnin yana da faɗi, mutane kuwa kaɗan ne, aka jefa kuri'a, mutum 1 cikin 10 ya bar ƙauye ya koma Urushalima da zama.

Komowa ta biyu

Wajen shekara ta 433 Nehemiya ya koma wurin sarki. Bayan an jima ya sake roƙon izini ya dawo, ya tarar ganuwa tana tsaye, alkawari ya zube. Eliyashib firist ya ba Tobiya, tsohon maƙiyin nan, babban ɗaki a farfajiyar haikali, inda dā a ke ajiye hatsin baiko da lubban. Nehemiya ya watsar da kayan Tobiya waje, ya sa aka tsarkake ɗakin. An daina ba Lawiyawa rabonsu, yunwa ta kore su, kowa ya koma gonarsa. Ya komo da su, ya sa amintattun mutane a kan ɗakunan ajiya. Ran Asabar ana matsar inabi, ana labta wa jakuna kaya, mutanen Taya suna sayar da kifi a cikin gari. Ya ba da umarni a rufe ƙofofi tun da inuwar yamma ta sauka a jajibirin Asabar. Fatake suka kwana a bayan ganuwa sau ɗaya, sau biyu, ya gargaɗe su, ba su ƙara ba.

Ya kuma tarar waɗansu sun auri matan Ashdod da Ammon da Mowab, rabin 'ya'yansu ba su jin harshen Yahudawa. A nan fushinsa ya yi zafi, har ya bugi waɗansu, ya tsige gashin kansu. Littafi bai ɓoye wannan ba, ba a kuwa rubuta shi domin dattawan ekklesiya su kwaikwaya ba. Kada wani ya ɗauki wannan ya hana aure tsakanin masu bi na kabilu dabam dabam, gama Rut mutuniyar Mowab ce, ta kuwa zama kakar uban Dawuda. Abin da ya tsorata Nehemiya shi ne gidan da aka shigo da gumaka, da yaran da za su tashi ba su iya jin Maganar Allah in ana karanta ta.

Littafinsa ya ƙare da zancen itacen wuta da nunan fari, da roƙo Allah ya tuna da shi. Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa, ya ce ya rasu da tsufa ƙwarai.

Abin da za mu ɗauka

'Yan'uwa, dutse ya ɗauki kwana 52, amma zukata sun ci fiye da shekara 12 ba a gama ba. Haka ya ke a ekklesiya. Gina majami'a da rufa mata kwano ya fi sauƙi bisa ga gyaran abin da ke tsakanin mai bi da mai bi. Bari kowa ya tambayi kansa. Akwai gonar ɗan'uwa a hannunka wadda ka karɓa jingina a shekarar yunwa? Ka ba da buhu 1 da damina domin ka karɓi 2 da kaka daga wurin wanda ku ke cin jibin Ubangiji tare? Kai da a ke ba amanar baiko, littafinka zai iya buɗuwa gaban jama'a? Mai bisharar da kuka aika ƙauye, yana samun rabonsa, ko yunwa ta kusa kore shi? 'Ya'yanka suna jin Maganar Allah a gidanka cikin harshen da su ke fahimta?

Nehemiya ya iya rufe ƙofar gari, amma bai iya sake zuciyar mutum ba. Wannan aiki na Yesu Almasihu ne, wanda ya bar fadar da ta fi ta Shushan, ya yi kuka a kan wannan birni na Urushalima, ya biya bashin da ba mu iya biya ba. Wanda aka yafe wa babban bashi, ba shi da hujjar shaƙe ɗan'uwansa a kan ƙarami. Ubangiji ya ba mu tsoronsa a gona, da kasuwa, da wurin aiki, kamar yadda mu ke nuna shi ran Lahadi. Amin.